Malami Huɗu a Shekara Ɗaya: In Cire Yarana Ko In Ƙara Haƙuri?

Assalamu alaikum Malama, ina yini, ya aiki ya iyali?

Ni mazauniyar Tudun Jukun ce a nan Zariya. Yarana uku duk makarantar kuɗi ɗaya suke zuwa, irin mai haɗa boko da hadda. In an koma hutu babbar za ta shiga SS3, na tsakiyan aji shida na furamare, autan kuma aji uku. Shekara goma sha ɗaya muna tare da makarantar nan ba mu taɓa kuka da ita ba. Bara waccan Allah ya yi wa Alhajin da ya kafa ta rasuwa, babban ɗansa ya gaje shi. Ba a rufa shekara ba hedimastan da muka sani tun farko ya ajiye aiki, ya buɗe tasa a wani gidan haya, wasu malamai suka bi shi. Wanda aka kawo a madadinsa zango biyu ya yi ya tafi, yanzu na uku ne a kujerar. A ajin autana kuwa malami huɗu aka yi a shekarar nan. In na tambaye shi sunan malaminsu sai ya ce mini “sabon Ankul”. Har yau bai iya haɗa baƙi ba, alhali yayyensa a wannan ajin suna karanta mini saƙo a waya. Na tsakiyan haddarsa ta tsaya cik a izu takwas, wadda ya riƙe ma tana zubewa.

Maigidana ya ce mu kwashe su duka zuwa wata sabuwar makaranta a hanyar Samaru, mai bene da bas da ɗakin kwamfuta, kuɗinta ya kusa ninka wanda muke biya. Ni kuma hankalina ya fi kwanciya da bin tsohon hedimasta. Ga surukata, aminiyar matar marigayin ce, ta dalilinta ma ake yi mana rangwame a kuɗin autan, ta ce in muka cire su mun yi butulci, mutane suna cikin maraici. Wallahi Malama kaina ya kulle, ga hutu yana ƙarewa.

Maman yara uku, Tudun Jukun.

Wa alaikumus salam 'yata, lafiya lau, alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa makarantar nan ta zame masa sadaka mai gudana.

Duk cikin wasiƙarki inda na tsaya na cire tabarau shi ne wajen “sabon Ankul” ɗin nan. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da alli, rabinsu a ƙananan azuzuwa, kuma yaron da bai san sunan malaminsa ba, ki tabbata malamin ma bai san nasa ba. Wanda aka danƙa wa yara talatin ko arba'in sai ya yi kusan wata kafin ya rarrabe su: wa ke lumshe ido don ba ya ganin allo amma yana kunyar faɗa, wa ke juya b ta koma d, wa ke haddace darasi ya rera kamar waƙa alhali in an nuna masa kalmar ita kaɗai ba zai gane ta ba, wa ke zuwa bai karya ba. Sai ya san waɗannan sannan koyarwa take farawa. To ki duba, malami huɗu a zango uku. Kowanne yana gama sanin yaran sai ya ɗauki jakarsa. Na bayansa kuma ba abin da aka miƙa masa sai rajista da jan biro, don haka ko ya koma farko, ko ya buɗe manhaja ya ga inda ya kamata a ce an kai a makon ya ɗora daga nan, yara sun kai ko ba su kai ba. Autanki ba daƙiƙi ba ne. Watan farko na aji biyu ya yi sau huɗu.

Kada ki tsaya a maganata. Yau da daddare in yara sun kwanta ki ɗauko littattafan rubutunsa na shekarar nan, na lissafi da na Turanci, ki baje su a tabarma ki bi jan biron. Za ki ga inda hannu ya sauya. Ki duba kwanan watan da ke saman shafi: tsakanin tafiyar wannan da zuwan wancan mako nawa aka yi ba a rubuta komai ba, ko an rubuta ba a duba ba? Na taɓa ganin littafin wata yarinya da aka koya mata tarawa sau uku a shekara ɗaya ba a taɓa zuwa ɗebewa ba, amma katin sakamakonta ya ce ta zo ta biyar a aji. Ki adana littattafan nan, za su yi miki aiki wajen maigida fiye da ƙorafin baki.

Sai dai kafin ki ɗora wa ɗan Alhaji laifin duka, ki sani a Zariya babu makarantar kuɗin da malamai ba sa barinta, garin ne ya gaji haka. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, Samaru da Kongo, ga tsohuwar kwalejin horar da malamai ta FCE a Gyallesu, wadda yanzu ta zama jami'a, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli. Kowace shekara matasa ke fitowa da takarda a hannu, wasu na jiran bautar ƙasa, wasu na digiri na biyu suna neman na kashewa, wasu 'yan koyon koyarwa ne da za su yi 'yan watanni su koma aji. Su kansu 'yan bautar ƙasar shekararsu ba ta tafiya daidai da ta makaranta, sai a yaye su ana tsakiyar zango. Mai makaranta yana samunsu da araha, su kuma sun ɗauki aikin kamar rumfar da ake fakewa kafin ruwa ya ɗauke. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya cika makarantun unguwa da ɗalibai masu ƙoƙari, amma da aka janye shi zangon farko bai yi nisa ba, azuzuwa suka wayi gari ba kowa a gaban allo. Kafin nan a 2017 gwamnatin jiha ta yi wa malaman furamare kusan 33,000 jarrabawa, 21,780 suka faɗi aka sallame su, aka shelanta ɗaukar 25,000. Na ga abin da hakan ya yi wa makarantun kuɗi: gwanayensu suka tafi neman aiki mai fansho, wasu cikin waɗanda aka sallama kuma suka shigo ta ƙofar da waɗancan suka fita.

Shi ya sa ni in an ce mini malamai suna tafiya sai in tambaya, wa ya tafi, kuma yaushe? Matashin da ya ƙare shekara ya yi sallama a watan Yuli don ya samu aiki a Kaduna ko Abuja, sai a yi masa fatan alheri. Amma matar aure da ta shekara takwas tana riƙe da aji ɗaya, gidanta na bayan makarantar, ta ajiye alli a mako na biyar na zango, wannan ruwa ne da bai yi tsami banza ba. A sanina abu biyu ke sa haka: ko albashi ya daina zuwa a kan kari, ko an ci mutuncinta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta ƙetare 1,000. Malamin da ke kwana a Samaru yana koyarwa a cikin Birni abin hawa biyu yake shiga zuwa, biyu dawowa. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ƙananan makarantu kuwa a nan suke raɓewa. Wasu ba sa biyan watan Agusta sam, wai ai ba a yi aiki ba, kamar ciki ma yana tafiya hutu. Wanda aka yi wa haka, a Satumba jikinsa ne kawai ke dawowa, idonsa na kan hanya.

Abin da ya fi damuna a labarinki shi ne hedimasta uku a shekara biyu. Shi ne mai duba shirin darasin kowane malami ranar Litinin, shi ne mai shiga aji in malami bai zo ba, shi ya san uban da ba ya biya sai an yi kaka amma bai taɓa cin amana ba. Na sha ganin irin makarantarku. Mai kafawa yana da wata sana'ar, fatauci ko gona, makarantar lada yake nema da ita, in kuɗi bai shigo ba ya sa hannu a aljihu ya biya malamai. Ranar da ya kwanta dama sai ta zama gado. Da shi ke ciyar da ita, yanzu ita ake jira ta ciyar da gida guda, mata da 'ya'ya, kowa da rabonsa a ƙarshen zango. Babban ɗan na iya zama mutumin kirki amma baki ya yi masa yawa, kuma inda ake fara matsewa shi ne albashi, don shi ne iyaye ba sa gani. Shi kuma tsohon hedimasta da ya saba in ya ce a yi an yi, sai ya ga yanzu ko kwalin alli zai saya sai ya rubuta takarda ga yaron da ya koya wa a, b, c. Ba kowane dattijo ke jure wannan ba. Ban ce haka aka yi a taku ba. Na san magadan da suka raba asusun makaranta da na gida, suka yanka wa kansu albashi, suka bar wa hedimasta aikinsa, makarantar ta fi da kyau. Ki gano wanne ne naku a ciki.

Ki je ki gaida sabon hedimasta, ki tambaye shi cikin ladabi: “Malam, wa zai riƙe aji shida a zangon nan, kuma kai ka ɗauke shi?” In ya ba ki suna nan take har ya faɗi shekarun da mutumin ya yi a wurin, da sauran fata. In ya yi murmushi ya kalli ƙofar ofishin darakta, wato ɗan Alhaji, ya ce “ana kan tsarawa”, to shi ma baƙo ne, kada ki yi mamaki in kin ji na huɗu ya zo. Da kin fito kuma kada ki wuce maigadi da matar da ke tuya a bakin ƙofa, ita ce ke ba malamai bashi zuwa ƙarshen wata, ta fi kowa sanin ran da albashi ke shiga. Na taɓa zuwa duba wata makaranta saboda jikata, aka zagaya da ni aka nuna mini laburare da fanka a kowane aji. Da na fito na sayi awarar ɗari biyu na ce, “Baiwar Allah, malaman nan suna biyanki kuwa?” Sai ta zaro wani ɗan littafi duk maiƙo, sunaye sun fi goma, wasu an ja musu layi. Na ce waɗannan sun biya ke nan? Ta ce, “A'a Hajiya, waɗannan sun gudu.” Ban koma ba.

Sabuwar makarantar da maigidanki ya gani ban san ta ba, ba zan kushe ta ba. Amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Bene da bas kuɗi ne, sau da yawa ma bashi ne, kuma daga kuɗin da za ku ninka za a biya shi kafin a zo kan malami. Akwai masu tsadar da ke riƙe malamansu da daraja, akwai waɗanda fenti ya cinye kuɗin. Ku nemi a nuna muku malamin aji uku ido da ido: shekara nawa yana koyarwa, ina ya baro, me ya baro da shi? Malamai nawa ke da NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, nawa ke da rajistar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista? Takarda ba ta koyarwa, na ga mai digiri biyu da ba ya iya riƙe aji na minti goma, amma wanda ya karanci koyarwa ya fi zama, don ita ce sana'arsa. In kun tarar Turanci da lissafi suna hannun 'yan bautar ƙasa, to baɗi ma sabon Ankul ne, sai dai wannan karon a saman bene. Ku ga takardar amincewar gwamnatin jiha. Ku kuma auna hanya, daga Tudun Jukun a ratsa Kwangila da manyan motocinta a miƙe Samaru, bas ɗin kuwa na nesa yake fara ɗauka. Ki hango ɗan shekara takwas a bakin titi ƙarfe shida da kwata a watan Janairu, ga hazo ga ɗari.

Kada ki yi wa maigida gardama a kan ginin. Shi ke fitar da kuɗin, yana son ya ga abin da ya saya, bene kuwa daga titi ake hango shi. Ki ba shi littattafan auta ya duba da kansa, sannan ku zauna da biro: zango uku, yara uku, sabon yunifom har na wasanni, littattafai, kuɗin bas, kuɗin jarrabawar babbar. In lissafin ba zai cika ba sai an ci bashi, ku bar shi. Na ga yaran da aka kai makarantar manya da ɗoki a Satumba, a Fabrairu ana koro su saboda kuɗi, a Afrilu an mai da su inda suka baro kai a sunkuye, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Tsohon hedimasta kuma, na gane abin da ke jan ki, ya san yaranki da sunansu. Amma iya riƙe makaranta daban, iya riƙe kuɗinta daban. Yau haya na kansa, albashi na kansa, ɗalibansa ba su taru ba tukuna. Malaman da suka bi shi don ƙauna za su yi haƙurin wata biyu ko uku, amma ƙauna ba ta auno masara. Kuma cutar da ta kama tsohuwar makarantarku, komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya, tana nan kwance a tasa. Ki tambaye shi wa ke riƙe wurin in ya yi tafiya, hayar shekara nawa ya biya, ina aka kwana a maganar amincewar gwamnati. Dattijo ne ba zai ji haushi ba, in kuwa ya ji kin samu amsa.

Da ni ce ke, ba zan yanke wa yara uku hukunci ɗaya ba.

Babbar ta zauna inda take. Zango uku ya rage mata, na ukun ma jarrabawa ce. WAEC tana buƙatar makin gwaje-gwajen da ɗalibi ya tara tun daga SS1, makarantarsa ce ke turawa, sauya wuri a SS3 kuwa nan takardu ke rikicewa. Makarantun kirki da yawa ba sa karɓar ɗalibi a wannan ajin, masu karɓa hannu bibbiyu suna alkawarin “sai ta ci” su ne abin gudu. Ki dai tabbatar makarantar tana da cibiyar WAEC da NECO tata, ki ga sunan 'yarki da ranar haihuwarta sun yi daidai da na NIN harafi da harafi kafin a tura, ki tambaye ta darussan da aka yi ta sauya musu malami. In lissafi ne ko kimiyya, ɗan abin da za a tsakura daga kuɗin mai bene ya isa a ɗaukar mata mai lesin Asabar da Lahadi. Ɗaliban jami'ar nan da ba sa daɗewa a aikin koyarwa, a wannan aikin kam ba su da na biyu.

Na tsakiyan ma shekara ɗaya ta rage masa. In an ba ki sunan tsayayyen malamin aji shida ya ƙarasa a nan, ku zaɓar masa sakandare a tsanake. Haddarsa ce ba zan bar wa makarantar ba. Hadda ta fi kowane darasi ƙin sauyin hannu: sabon malami yana son a ga aikinsa sai ya yi ta ƙari, ba ya sauraron tilawar baya don bai san inda yaron ke tuntuɓe ba, ana ɗora sama ƙasa na zaizayewa. Ki nema masa malami ɗaya a unguwa, wanda aka sani a wurin shekara da shekaru, ya riƙa zuwa bayan la'asar, a dakatar da ƙari har izu takwas ɗin nan su zauna daram. Garin da ake tahowa daga nesa neman karatu a zaurukansa ba za a rasa irin wannan malamin ba.

Autan shi ne ba zan jira da shi ba ko zango ɗaya. Daga aji huɗu ba mai tsayawa koyar da haɗa baƙi, ɗauka ake an iya, kowane darasi a kansa yake hawa. Yaron da ya wuce aji uku bai iya ba yakan koyi ɓoyewa, ya kwafi na kusa da shi, ya tsani makaranta, a ce ba ya ja. Shi malami za ki bi masa. Wace ce ta koya wa yayyensa karatu? Ki binciko inda take. In tana cikin waɗanda suka bi tsohon hedimasta, amsoshinsa kuma sun gamsar da ke, ki kai shi can ko da ɗakin haya ne mai benci shida. In ta bar koyarwa ki nemi irinta a makarantun kusa da gida, kada ki raina ƙarama don ba ta da fenti. In malamar ta gwada shi ta ce ya maimaita aji biyu, ki yarda, ki toshe kunne daga surutun dangi. A gida kuma kullum bayan magariba ki ba shi minti ashirin, ki fara da Hausa, ba, be, bi, bo, bu, don kusan yadda ake faɗarta haka ake rubuta ta, yaro yana saurin kama dabarar haɗa baƙi da wasali, in ya kama kuma Turancin zai zo masa da sauƙi. Yayarsa na iya karɓarki ran da girki ya riƙe ki.

Saura Hajiya surukarki. Ba ta yi ƙarya ba, akwai alheri a tsakani, kwashe yara uku rana ɗaya ba sallama kuwa kamar sulalewa ne daga zaman makoki. Ana barin halak don kunya, amma ban da karatun yaro. Maganar ba daga bakinki za ta fito ba, ɗanta ne zai same ta ya ce, “Hajiya, biyu suna nan, ƙaramin ne karatu ya ba shi wuya za mu nema masa malamar da za ta zauna da shi.” Gaskiya ce tsagwaronta, ba a zagi kowa ba. Bayan nan ki riƙe ɗan turare ko goro, ki raka ta gidan marigayin ku gaida matarsa, ki yi godiyar rangwamen da aka yi muku, ki faɗa mata da bakinki kafin ta ji a gari. Wataƙila ma ba ta san malami huɗu aka yi a aji ɗaya ba, 'ya'ya ba sa kai wa uwa irin wannan labarin, kalma ɗaya daga bakinta kuwa tana iya yin abin da taron iyaye goma bai yi ba. Rangwamen ki ɗauka ya tafi tare da auta, kada ki nemi a mai da shi kan na tsakiya.

Kafin ki fitar da shi ku biya duk abin da ake binku, ki karɓi katin sakamakonsa na zango ukun da takardar canjin makaranta. In an kira taron iyaye da malamai kada ki ce na maza ne, ki haɗa kai da uwaye biyu ko uku tun daga gida ku nemi abu ɗaya tak: a liƙa sunan malamin kowane aji a allon sanarwa ranar da aka dawo, in za a sauya kuma a sanar da iyaye a rubuce. Ko sisi ba zai ci ba. In wannan ma aka ƙi, kin san na tsakiya ba a nan zai yi sakandare ba.

Ki gaida maigida da Hajiya. In an yi hutun zangon farko ki sake tambayar autan sunan malaminsu, ki rubuto mini abin da ya ce.